Yadda ake wanke keken tsauni da duba lafiyarsa kafin tseren dogon zango

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a garuruwan Arewa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun jingine mota ko babur sun koma taka feda, kuma daga cikin abin da ake saye a wurin masu gwanjo har da keke mai giya da kaurin taya, wanda aka ƙera domin hawa duwatsu da ratsa daji, wato keken tsauni. Wanda ya saba da zuwa ofis ko kasuwa a kansa, ba ya daɗewa yake fara sha'awar jarraba dogon zango, ko don motsa jiki ko don gasa da abokai.

Ga mazaunin birnin Kano, Ɗanbatta ma'auni ce mai kyau. Garin yana arewa da birni a kan hanyar Kazaure da Daura, da tazarar sama da kilomita 50, wato zuwa da dawowa ya haura kilomita 100. A ƙa'idar Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, tseren dogon zango na keken tsauni yakan kama daga kilomita 60 zuwa 160. Ke nan wanda ya tashi daga Kano, ya sauka daga kwalta ya bi burtali da hanyoyin gona zuwa Ɗanbatta ya dawo, ya yi tafiyar da ta kai awon gasa.

A irin wannan tafiya, ƙaramin lahanin da ba ya hana mutum zuwa kasuwa shi ne yake tsayar da shi a tsakiyar gonaki da rana tsaka. Kaca takan tsinke, birki yakan saki, taya takan fashe, kuma mafi yawan waɗannan sukan nuna alama tun keke yana gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyara ya zo tare da wasan tun farkonsa

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Kamfanin Raleigh na Ingila har masana'antar haɗa keke ya taɓa kafawa a birnin, kuma da wuya a sami kasuwar ƙauye da babu mai gyaran keke a ƙarƙashin wata bishiya. Sai dai wancan keken na kariya da tabarmar buhu dabam yake da keken tsauni. Shi giyarsa ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe ne, kuma da sifana da filaya ake kwance shi a ɗaure. Keken tsauni kuwa yana da giya masu yawa, da shok, sau da yawa da birkin faifai, kuma kowanne yana da irin kulawar da yake buƙata.

An haifi wasan ne a yankin Marin na Jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna. Tserensu na farko da aka auna wa lokaci an yi shi ne ranar 21 ga Oktoban 1976, kuma sunan da suka ba shi, Repack, ya samo asali daga aikin gyara: zafin birki yakan ƙone giris ɗin cibiyar ƙafar baya, dole sai an kwance an sake cusa sabo bayan gangarowa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. An yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin UCI a 1990 a garin Durango na Jihar Kolarado, sannan wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

A Afirka, gasar da ta fi suna ita ce Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004, ake kwana takwas ana yi, mutum biyu a kowace tawaga. A can, da zarar an gama zangon yini, abin da ake fara yi wa keke shi ne wanki, sannan dubawa. Dalilin shi ne datti yana ɓoye lahani. Tsagewar ƙarfe, da wayar da ta fara warwarewa, da man da ke tsiyaya, duk ba a ganinsu a ƙarƙashin laka.

Abokan gabar keke a ƙasar Ɗanbatta

Ɗanbatta ba ƙasar tsaunuka ba ce. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce, gona na manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, ƙauye kusa da ƙauye. Amma abin da take yi wa keke bai gaza na duwatsu ba, kuma ta hanya uku take yinsa.

Na farko yashi da ƙura. Mafi yawan ƙasar jigawa ce, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen da ake yin kaca da shi tauri. Idan ta haɗu da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a duk juyin feda. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu kuma, ƙurar hunturu mai laushi kamar gari takan shiga duk wata kafa, har cikin boris da bututun wayar giya.

Na biyu ƙaya. A gefen hanya akwai tsidau, wanda 'ya'yansa ke kwance a ƙasa da tsini a sama, har ma sunansa a Turanci yana nufin mai huda taya. Akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya, waɗanda manoma kan sare su yi shinge da su, reshe ya faɗo a burtali. Bayan girbi kuma ga tushiyar karan dawa, wadda kan yanki gefen taya.

Na uku ruwa da zafi. Da damina, musamman a watan Agusta, hanyoyin fadama da na kusa da madatsar ruwa ta Tomas sukan zama taɓo mai danƙo, wanda ke wanke man kaca ya cinye robar birki. Da bazara kuwa, a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, yana busar da roba da duk wani ruwa da ke cikin taya.

Yadda ake wankin

Kayan aikin ba su da tsada: bokiti biyu, sabulun ruwa na wanke kwanuka, soso mai laushi, tsohon buroshin haƙori, buroshi mai ɗan tauri domin taya, da tsummoki masu tsabta. A ware soso da tsumman kaca dabam, kada su taɓa birki ko kaɗan. A rataye keken ta sirdi a jikin reshe ko igiya yadda ƙafar baya za ta iya juyawa, kuma a yi aikin a inuwa domin kada sabulu ya bushe a jikin fenti.

Babban kuskuren da ake yi a birni shi ne kai keke wurin wankin mota a sa masa injin feshi. Ƙarfin ruwan yakan tura robobin da ke tsare boris, ya shigar da ruwa da yashi ciki, ya kore giris. Keken zai fito yana ƙyalli, bayan 'yan makonni a fara jin gurnani a cibiyar ƙafa da gindin feda. Ruwan bokiti da kofi ya wadatar.

Da farko a kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa domin yashi ya jiƙe ya zube da kansa. Goge busasshiyar ƙura da tsumma yana karce fenti, kuma ya fi ɓarna a sandunan shok masu sheƙi. Daga nan a fara da wuri mafi datti, wato kaca da faifan haƙora na gaba da na baya. A shafa musu sinadarin cire maiƙo, a bi da buroshi, a sa gefen tsumma tsakanin faifai da faifai a ciro dattin da ya daskare. Kada a manta da ƙananan tayoyin nan biyu na masauyin giya, domin a nan baƙin datti ya fi taruwa.

Idan babu sinadarin, kananzir yana yi, amma gara a cire kacar a wanke ta a cikin gwangwani, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai. Fetur bai dace ba. Yana lalata roba, ga haɗarin gobara.

Bayan haka a canza ruwa da soso a wanke gangar jikin keken daga kai zuwa ƙasa, sannan ƙafafu da tayoyi. A ɗauraye, a ɗaga keken kaɗan a sake shi ya dira domin ruwan da ya maƙale ya fita, a goge, a bar shi ya sha iska. Wannan dirar ma gwaji ce: duk abin da ya yi ƙara ko kwaramniya, akwai notin da ya saki a wurin.

Kaca: awo kafin mai

Ana cewa kaca ta miƙe, amma a gaskiya ƙarfenta ba ya miƙewa. Ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne suke cinyewa, sai kowace gaɓa ta sami ɗan wasa, jimillar tsawon ya ƙaru. Kacar da ta yi haka ba ta zama daidai a kan haƙora, sai ta riƙa cin su har su yi tsini su karkace.

Ana iya auna wannan da rular makaranta mai inci. Tazarar kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ce, wato milimita 12.7. A ja kacar ta miƙe, a ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa. A sabuwar kaca, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce alamar da kimanin milimita ɗaya da rabi, kacar ta ci rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma a nan ake canza ta a keken da ke da faifai 11 ko 12 a baya. Mai faifai 10 zuwa ƙasa yakan jure har zuwa kashi 0.75. Idan ta zarce da milimita uku, to da wuya faifan haƙoran ma su tsira.

Lissafin na ɗan kasuwa ne. Kaca ita ce mafi araha a cikin kayan da ke juya ƙafa. Wanda ya canza ta a kan kari, faifansa kan ga bayan kaca biyu ko uku. Wanda ya bari ta wuce lokaci, zai sayi kaca da faifan baya, wataƙila har da na gaba, a rana ɗaya. Kuma sabuwar kaca a kan cinyayyen faifai takan riƙa tsallake haƙori da zarar an taka da ƙarfi, abin da kan jefar da mahayi idan yana tsaye a kan feda.

Game da mai, al'adar da aka gada ita ce a kwarara wa kaca baƙin man da aka juye daga inji. Wannan man yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma kaurinsa yana kama yashi. A ƙasa irin ta Ɗanbatta, da rani man kaca marar danƙo ya fi dacewa, wanda ke bushewa bayan an sa shi, ko mai kakin zuma a ciki. Da damina ne ake komawa ga mai ɗan kauri wanda ruwa ba ya saurin wankewa. Idan duk babu, man keken ɗinki ya fi baƙin mai, sai dai ba ya daɗewa, dole a tafi da shi a ƙara a hanya.

Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace gaɓa, ta cikin kaca, ana juya feda baya. A bar shi ya shiga, sannan a goge wajen kacar da tsumma har ta kusa bushewa. Man da ke aiki yana ciki ne, na waje ƙura kawai yake tarawa. Shi ya sa ake sa shi da daddare, ba da safiyar tafiya ba.

Giya

A ɗaga ƙafar baya a bi giya ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Kowane latsi ya kamata ya matsar da kaca faifai ɗaya ba tare da jinkiri ba. Idan tana nawar hawa babban faifai, waya ta yi sako-sako, sai a warware ɗan marfin da ke bakin bututun wayar rubu'in juyi a sake gwadawa. Idan saukowa take nawa, ko dai wayar ta yi tsauri ko ƙura ta cika bututun. A duba bakin wayar a wurin noti da cikin malatsi. Ko zare ɗaya ya tsinke, a canza ta.

Sai a tsaya a bayan keken a kalli masauyin giya. Ya kamata ya sauko a miƙe, daidai da faifan da kaca take kai. Yana rataye ne a jikin wani ɗan ƙarfe mai taushi da aka yi musamman domin ya lanƙwashe ko ya karye a madadin gangar jiki idan keke ya faɗi. Kekunan gwanjo da yawa sukan iso da shi a lanƙwashe saboda lodi. Idan ya karkata ciki, masauyin na iya shiga cikin wayoyin ƙafa a giya mafi sauƙi, ya karya su, tafiya ta ƙare nan take. Ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L su ne ke yi wa kaca iyaka ta waje da ta ciki, kuma na L shi ne mai tsare wannan haɗari.

Birki

A matse kowane hannun birki da ƙarfi. Idan ya taɓo kan keke, birkin bai isa a hau da shi ba. A birkin roba mai kama gefen wili, a duba tsagogin da ke fuskar robar. Idan sun shafe, ta ƙare. A ciro tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfe da suka nutse a cikinta da tsinin wuƙa, a tabbatar tana sauka a kan ƙarfen wili ba a kan taya ba. A shafa gefen wilin da yatsa, idan ya yi kwarmi, yashi ya cinye shi, kuma iska na iya tsaga shi.

A birkin faifai, a cire ƙafa a leƙa. Kamfanin Shimano ya ce a canza fad idan abin da ya rage a jikinsa ya kai rabin milimita, amma mai shirin kilomita 100 a cikin yashi ko taɓo bai kamata ya tashi da wanda ya kusa haka ba. Shi ma faifan yana da iyaka, a rubuce take a jikinsa, kuma a yawancin na Shimano milimita 1.5 ce. Maiƙo ko na yatsa ne yana rage kamun birki, don haka a goge faifan da tsumma mai tsabta da sifirit marar maiƙo. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, canza shi ake yi.

Birki mai aiki da ruwa idan ya yi laushi kamar soso, iska ta shiga bututu, sai an yi masa zuƙa. A nan ake yin ɓarna mai tsada. Wasu birkunan, kamar na Shimano, da man ma'adinai suke aiki, wasu kuma da ruwan birki irin na mota mai alamar DOT. Zuba ɗaya a madadin ɗaya yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin. Irin da ya dace yana rubuce a kan marfin. Kuma idan ƙafa tana cire, kada a matse hannun birki, domin fad zai haɗe.

Sabon fad ba ya kamu sosai sai an horar da shi: a yi ɗan gudu, a ja birki a hankali har keke ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita kamar sau ashirin.

Taya da wili

A juya kowace taya a hankali a cikin haske, a ciro duk ƙayar da ta maƙale. Ƙaya takan karye ta bar tsininta a cikin roba, ya riƙa nutsawa har ya iske tiyub bayan kwanaki. Saboda haka kafin babbar tafiya ya dace a cire tayar, a bi cikinta da auduga ko tsumma, wanda zai maƙale a duk inda tsini yake. A duba gefen taya ko ya tsattsage ko zare ya bayyana, a kuma duba ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin wili. Tiyub ɗin da ya sha faci da yawa a ajiye shi domin yawon gari.

Taya marar tiyub, wato tubles, ita ce ta fi dacewa da ƙasar tsidau, domin ruwa mai kama da madara da ake zubawa a ciki yana toshe ƙananan huji ana cikin tafiya. Amma ruwan yana bushewa a cikin 'yan watanni, kuma zafi na gaggauta hakan. A girgiza ƙafar a kusa da kunne, idan ba a ji motsinsa ba, a ƙara.

Yawan iska ba ƙarfi ba ne. Taya mai tauri kamar dutse takan nutse a yashi ta riƙa zamewa, mai ɗan sassauci kuwa takan baje ta hau kansa. Amma idan iskar ta yi kaɗan a taya mai tiyub, wili kan matse tiyub ɗin a bakin rami ya yi masa huji biyu a jere kamar saran maciji. Ga matsakaicin mutum, mai tiyub yakan zauna tsakanin awo 30 zuwa 40 na ma'aunin psi, tubles kuma 20 zuwa 30, ta baya ta ɗan fi ta gaba, mai nauyi ya ƙara. Iyakar da ba a wucewa tana rubuce a gefen taya. Injin mai faci an yi shi ne domin tayar mota, cikin daƙiƙa kaɗan yake cika ta keke fiye da kima, don haka famfon hannu mai agogo ya fi aminci.

A juya wili a kalli bakinsa. Idan yana rawa hagu da dama, a bi wayoyin bibbiyu ana matsawa, za a ji wadda ta saki. Daidaita wili aikin gwani ne, kuma masu gyaran keke na gargajiya sun ƙware a kansa.

Boris, noti da gangar jiki

Gwaji uku ke tona asirin boris. A kama taya a girgiza ta gefe da gefe, kada a ji wasa a cibiya. A kama hannun feda a girgiza shi haka nan. Sannan a matse birkin gaba, a ɗora yatsu a wuyan keke, a tura shi gaba da baya. Ƙwas-ƙwas a nan na nufin wuya ya saki. Duk boris ɗin da ke gurnani kamar ana niƙa tsakuwa yana buƙatar wanki da sabon giris ko canji.

A bi notina da alanki ɗaya bayan ɗaya: na kai, na sirdi, na birki, na feda. Manufar ita ce a tabbatar ba su saki ba, ba a ƙara musu ɗauri ba. A jikin wuyan kai akan rubuta iyakar ƙarfin ɗauri, galibi Nm 5 ko 6, kuma wuce haka yana cinye zaren alminiyam. Fedar hagu zarenta a juye yake, ta hagu ake ɗaure ta. Maƙullin ƙafa mai hannu kuwa ba murɗa shi ake yi kamar noti ba, ninke shi ake yi, kuma ya kamata ya yi tauri har ya bar shaida a tafin hannu. Sandar sirdi tana da layin da bai kamata ya fito waje ba.

A goge sandunan shok, a danna shi sau da yawa. Zoben mai kaɗan ba laifi ba ne, amma tsiyaya ko karce mai zurfi alama ce ta aiki. Kamfanin RockShox ya ba da shawarar a yi wa ƙasan shok ƙaramin sabis bayan kowace awa 50 ta hawa, kuma mai hawa a cikin ƙurar hunturu ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

A ƙarshe a ɗauki tocila a bi duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuya, gindin feda da bakin sandar sirdi. Siririn baƙin layin da tsumma bai goge ba tsagewa ce har sai an tabbatar da akasin haka. Alminiyam ba ya yin gargaɗi kamar baƙin ƙarfe, kuma waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa. Keken da ya tsage a wuya ba a hawansa, komai kuɗin da aka kashe a kansa.

Tsarin lokaci da guzurin hanya

Babban wanki da dubawa ana yinsu ne mako guda kafin ranar, domin a sami sararin neman kayan gyara. Duk sabon abin da aka sa, kaca ko waya ko fad ko taya, a hau keken a gwada shi na aƙalla awa ɗaya a irin ƙasar da za a bi. Sabuwar waya takan saki bayan hawan farko. Sirdi da tsayinsa ba a taɓa su a wannan mako. Ana gobe tafiya a goge ƙura a sa wa kaca mai. Da asuba a duba abu huɗu: iska, birki, maƙullan ƙafa, da giya.

A gasar da ke bin ƙa'idar UCI, ba a karɓar taimakon makaniki sai a wuraren da aka keɓe, tsakaninsu kuwa mahayi ne makanikin kansa. A hanyar ƙauye ma kusan haka ne. Mai gyaran keke a Ɗanbatta ko Makoɗa zai yi faci ya daidaita wili, amma ba lallai ne a sami mahaɗin kaca mai faifai 11 ko tiyub ɗin taya mai inci 29 a akwatinsa ba. Don haka a ɗauki tiyub biyu masu bawul irin na wilin, famfo, faci da sholisho, maɓallan cire taya, alanki, abin yanke kaca, mahaɗin kaca daidai da yawan faifan keken, ƙarin ɗan ƙarfen da masauyin giya ke rataye a kai, da guntun tsohuwar taya domin toshe yanka. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya nufi Jami'ar Azhar a 2023, a kan keken tsauni na hannu ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi. Tsufan keke ba ya hana shi nisa idan ana kula da shi.

Hular kwano wajibi ce a kowace gasa, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. A tanadi ruwa isasshe da haɗin gishiri da sukari, a tashi bayan sallar asuba, a sanar da wani hanyar da za a bi. Mai son bin kwalta a wani ɓangare na tafiyar ya tuna cewa ranar Lahadi kasuwar Ɗanbatta ke ci, hanya kan cika da motocin dabbobi da babura da amalanke tun da sassafe. A irin wannan rana, fitilar baya da riga mai haske suna cikin kayan da ake dubawa tare da birki.